RA'AYINMU: ZATO DABAM, TABBACI DABAM

Akwai wani aiki da ya hau kan kowane ɗalibi ɗan ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, wanda ba a rubuta shi cikin manhajar kowace jami'a ba, watau aikin tafinta. Da zarar an ji wane ya zo hutu, sai ka ga dattijo ya zaro takardar asibiti, ko sammacin kotu, ko wani labari da aka turo masa ta waya, ya ce, "Ɗan nan, duba mini abin da ke ciki." Abin da ya fito daga bakinmu shi za a kai gida, shi za a maimaita a dandali, shi kuma zai zaga kasuwar Sara kafin rana ta faɗi. Saboda haka ne muka ga ya kamata mu jawo hankalin 'yan'uwa ga waɗansu 'yan kalmomin Ingilishi da muke yi wa riƙon sakainar kashi, alhali kuwa mutunci da rai sukan rataya a kansu.

Mu fara da doubt da suspect, waɗanda ɗalibai da yawa suke ɗauka Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Ba haka ba ne. In Bature ya yi amfani da ta farko a kan zuwan baƙo, nufinsa ba ya jin baƙon zai zo. In kuwa ya yi amfani da ta biyu, nufinsa yana jin zai zo, sai dai bai tabbata ba. Ta farko shakka ce mai karkata ga a'a, ta biyu zato ne mai karkata ga i. Kalmar distrust kuwa rashin amincewa ce da mutum ko hukuma, ko da babu wani laifi takamaimai da aka jingina musu. Sa'an nan ga alleged, wadda 'yan jarida ba sa rabuwa da ita, ma'anarta an dai faɗa, amma ba a kafa hujja ba.

Kada wani ya ce harshenmu ne ya gaza. Bahaushe yana da shakka da kokwanto da tantama da waswasi da ɗar-ɗar, yana da zato da zargi da tuhuma, kuma kowace da mazauninta. Wanda ake zargi dabam, wanda aka gurfanar ana tuhuma dabam, wanda alƙali ya kama da laifi dabam. Matakala ce mai hawa uku, kuma ragwancinmu ne kaɗai yake sa mu tsallake biyu mu dira a kan na ukun, mu ce, "An kama ɓarawon."

Doka ba ta yarda da wannan tsalle ba. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma da laifi, za a ɗauke shi marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa. Sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 ya ɗora wa mai gabatar da ƙara nauyin kawo hujjar da ba za ta bar wa mai hankali wata shakka mai tushe ba. Malamanmu na fiƙihu ma tun kafin zuwan Turawa suke karantar da cewa hujja tana kan mai da'awa, kuma shubuha tana kawar da haddi. Ashe shakka a gaban alƙali garkuwar talaka ce.

Haka abin yake a asibiti. In majinyaci ya tashi daga Gwaram ya je Birnin Kudu, likita ya rubuta suspected gaban sunan wata cuta, kamar tarin fuka, abin da yake nufi shi ne a je a yi gwaji. Ɗalibin da ya karanta ya ce, "Baba, tarin fuka gare ka," ya yanke hukuncin da likita bai yanke ba. Ta yiwu a ware wa bawan Allah ƙwaryar shan ruwa, ta yiwu a fasa auren 'yarsa, duk a kan kalma guda da aka haɗiye.

Inda abin ya fi muni shi ne lokacin da zato ya faɗa hannun taron jama'a. A watan Oktoba na 2012 aka kashe ɗalibai 4 na Jami'ar Fatakwal a ƙauyen Aluu, bisa zargin sata da ba a kai gaban kowane alƙali ba. A watan Maris na 2025 aka kashe matafiya 16 a Uromi ta Jihar Edo, mafarauta ne da ke kan hanyarsu ta komawa Kano, bisa zargin masu satar mutane ne. Mun yi baƙin ciki, mun yi Allah wadai. Amma fa mu tambayi kanmu: in aka yi ihun "Ɓarawo!" a tasharmu ko a kasuwarmu, mutum nawa ne suke tsayawa su ce ina shaida?

Ba muna cewa a daina shakka ba ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya bar tabo a zukatan mutane, kuma yana cikin abin da ya ƙarfafa rashin amincewa da rigakafin shan inna a 2003. Tambayar da jama'a suka yi tana da dalili. Kuskuren shi ne da aka mai da "muna zargi" ta koma "mun tabbata". Kafin a koma yin rigakafin a Kano a 2004 cutar ta bazu har waɗansu ƙasashe, yaran da ba su ji ba ba su gani ba su ne suka biya bashin. Shakka ta gari ita ce mai tura mutum bincike, ta kuma saki jiki in hujja ta zo.

Don haka muna kira ga 'yan'uwa ɗalibai da abu uku. Na ɗaya, in an ba mu takarda mu fassara, mu kai kowace kalma da nauyinta, kada mu rage, kada mu ƙara gishiri. Na biyu, in kalma ta shige mana duhu, mu nemi ƙamus ko wanda ya fi mu sani, domin matambayi ba ya ɓata. Na uku, kada mu tura wa kowa labarin da ya kira mutum mai laifi alhali zarginsa kawai ake yi.

Iyayenmu sun sayar da hatsi da dabbobi don mu yi karatu, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Magabata sun ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya. Allah Ya tsare harsunanmu da alƙalumanmu daga ɗaukar alhakin bayinSa, amin.