Kafin A Sayo Fenti, A Tambayi Inda Ruwan Ya Shigo

Duk watan Agusta labarin ɗaya ne. Mutum ya tara gumin shekaru ya gina gida, ya tare da rani, damina ta farko ba ta kai ƙarshe ba fenti ya fara kumbura yana ɓarewa, wani farin abu kamar kanwa ya feso a gindin bango, bayan gado ya yi baƙi da fumfuna. A kira wanda ya yi ginin, ya shafa bangon da tafin hannu ya ce, "Alhaji, ai sabon gini ne, bai gama shan iska ba. A kankare a sake fenti." Baɗi danshin ya dawo, sai a ce a manna tayil. Mu kuma mu biya, har da godiya.

Wannan rufa-rufa ce, kuma mun daɗe muna biyan kuɗinta. Gaskiya ne sabon gini na riƙe da ruwan kwaɓi, yana ɗaukar watanni kafin ya bushe. Amma wannan danshin raguwa yake yi kullum. Wanda ke ƙaruwa bayan kowane ruwan sama hanya ya samu, kuma fenti ba ya toshe hanya. Tayil ma ɓoye shi kawai yake yi: ya hana bangon bushewa, danshin ya haura ya fito ta samansa.

A Ingila, inda iska ke watsa wa bango ruwa kusan duk shekara, gina bango biyu ake yi a bar fili a tsakani, a haɗa su da 'yan ƙarafuna. Na waje ya jiƙe, ruwan ya gangara cikin filin ya fice ta ƙananan kafofi a ƙasa, na ciki ya zauna a bushe. Idan danshi ya bayyana a sabon gida, mai binciken kirki yakan huda bangon ya zura ƙaramar kyamara. Sau da yawa abin da zai gani shi ne siminti da ya zubo lokacin gini ya taru a kan ƙarfen, ya zame wa ruwa gada, ko kuma kafofin sun toshe.

Wasu maginanmu na cewa ramin da ke cikin bulo ma aikin da yake yi ke nan. Ba haka ba ne. Kowane bulo, mai inci 9 ko mai inci 6, fuskarsa ta waje haɗe take da ta ciki. Gadar tana nan tun daga gidan bulo. Idan an yi masa rowar siminti, filastar waje kuma ta tsage, to bango ya tsage, ƙadangare ya samu wurin shiga.

Mu da ke rubuta manhajar kwamfuta mun san inda matsala ta bayyana ba lallai nan ta faro ba. Haka ruwa yake, kuma gano hanyarsa bai fi ƙarfin mai gida ba. Danshin da ke tasowa daga ƙasa a gindin bango yake tsayawa, da wuya ya wuce mita 1, yana barin farin gishiri. Wannan yana nuna ba a shimfiɗa ledar tare danshi a kan fandisho ba, ko an cika tsakar gida har ta haura ta. Wanda ke fitowa bayan ruwa a bangon gabas, inda hadarinmu ke tasowa, ko a ƙarƙashin taga, daga waje yake shigowa. Wanda ke saukowa daga sama, a duba kwatar da aka ɓoye a bayan katangar rufi, wannan yayin da muka ɗauka don kada a ga kwano. Wanda bai damu da rani ko damina ba, kuma yana maƙwabtaka da banɗaki, bututu ne ke yoyo. Idan ana shakka, a manna leda a bangon a rufe gefunanta na kwana 2. Raɓa a fuskar da ke kallon ɗaki tururin ɗakin ne. Raɓa a bayanta daga cikin bango take.

Abin kunyar shi ne kakanninmu sun san wannan. Suna sa dogon indararo don ruwa ya faɗi nesa da bango, suna shafe gini da makuba, suna sabunta yaɓe kafin damina. Mu muka samu siminti muka ɗauka ya ɗauke mana tunani.

Kuma ba kyan ɗaki kaɗai ke tafiya ba. Fumfuna na tayar wa mai asma ciwonsa, danshi na kaiwa ga wayar lantarki, rodi na tsatsa a cikin kankare har ya fasa shi.

Don haka mu canza ciniki. Duk wanda ya ce a sake fenti, mu ce ya fara nuna mana da yatsa inda ruwan ya shigo. Mu rubuta a yarjejeniya cewa wani kaso na kuɗin ɗan kwangila zai jira sai gidan ya ga damina ɗaya. Mu tsaya da kanmu ranar shimfiɗa leda, domin daga an ɗora bulo ba mai sake ganinta. Maginin kirki ba zai ji haushin wannan ba. Wanda ya ji haushi kuwa, ruwa ba ya tsami banza.