Ziyarar Birnin Kano Da Ɗan Guziri: Wa Ke Cinye Rabon Mai Ƙaramin Ƙarfi?

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, sannan aka saki naira ta nemi wa kanta daraja a kasuwa cikin watan da ya biyo baya, lissafin tafiye-tafiye ya rikice wa ma'aikacin Arewa. Dalar da ake samu a hukumance ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a cikin 2024, litar man da a da ba ta kai naira 200 ba kuwa ta wuce 1,000 a shekarar. Da yawa daga cikinmu, malaman jami'a da likitoci da manyan ma'aikata, waɗanda a da sukan yi adashi su kai iyali Dubai ko Alƙahira, yanzu sun haƙura. Wannan ne ya sa a nan Birnin Kebbi na fara jin magidanta suna cewa idan hutu ya zo za su kai yara Kano su ga tarihi. Shawara ce mai kyau, ko da matsi ne ya haife ta. Abin tambaya shi ne, idan sun je me za su tarar?

Bari mu fara da lissafi. Wanda ya tashi daga Birnin Kebbi zai bi ta Argungu ko ta Jega zuwa Sakkwato, daga nan ya ratsa Talatar Mafara da Gusau da Funtuwa kafin ya shiga Kano, tafiyar da ke cinye yini guda. Kuɗin mota shi ne babban kaso na guzirinsa, kuma hare-haren 'yan bindiga a yankin Zamfara sun sa mai hankali ba ya bin hanyar sai da rana. Amma da zarar ya sauka, nauyin ya ragu ainun. Da wuya Bakabe ya rasa ɗan'uwa ko tsohon abokin makaranta da zai sauke shi a Kano. Adaidaita Sahu za ta kai shi ko'ina cikin Birni, gurasa da tsire ko waina da miya za su riƙe masa ciki ba tare da ya shiga otal ba.

Mafi muhimmanci, abubuwan da suka sa Kano ta zama Kano akasarinsu kyauta ake kallonsu, ko kuma da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Akwai Dutsen Dala, inda tarihin Barbushe da Tsumburbura ya faro, wanda daga samansa ake hango Birni gaba ɗaya. Akwai ganuwar da Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu (1095 zuwa 1134) ne ya soma ginawa, sarakunan baya irin su Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) suka faɗaɗa ta. Akwai Gidan Rumfa da Kasuwar Kurmi da suka samo asali daga zamanin Rumfa, da marinar Ƙofar Mata, da gidan tarihi na Gidan Makama. Attajiri yana da jirgi da fasfo, idan ya so ya ga tsohon birni sai ya tafi Fas ko Istambul. Malamin makaranta mai 'ya'ya shida kuwa ba shi da wani tsohon birni sai wannan. Saboda haka duk taku ɗaya na ganuwa da aka rushe, daga rabon mai ƙaramin ƙarfi aka gutsura.

Rushewar kuwa ba ɓoyayyen abu ba ne. Duk wanda ya zaga daga Ƙofar Nasarawa zuwa Ɗan Agundi, ya wuce Na'isa da Gadon Ƙaya har Kabuga, zai ga wuraren da shaguna da gidaje suka haye kan ganuwa, da wuraren da aka kwashe ƙasarta aka yi bulo, da wuraren da suka zama juji. A 2010 an rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi, aka maye gurbinta da ginin siminti. Tun 2007 aka sa ganuwar Kano a jerin wuraren da Nijeriya ke neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Agadas da ke maƙwabciyarmu Nijar, wadda ita ma da ƙasa aka gina ta, ta sami wannan matsayi a 2013. Ai ba a kai wa alƙali shaidar da mai ita da kansa yake yagawa.

Haka zancen Hawan Salla yake, wanda shi ne kallo mafi girma da talaka ke samu ba tare da ya biya ko kwabo ba. A watan Disambar 2024 UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. 'Yan watanni bayan haka, a Ƙaramar Sallar 2025, 'yan sanda suka hana hawan saboda rikicin sarautar da ya raba gari. Ba na cikin masu yanke hukunci a kan wane ne mai gaskiya a wannan rikici, amma na san wanda ya yi asara: mai sayar da ruwa da mai ɗinkin kayan doki da baƙon da ya tara kuɗin mota tun kafin azumi.

Akwai kuma wata asara da ta fi damuna a matsayina na mai nazarin harshe, wato rashin bayani. Sunayen unguwannin Birnin Kano kansu littafi ne. Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Agadasawa da Ayagi suna gaya maka al'ummomin da fatauci ya kawo. Alfindiki daga kalmar Larabci take, mai nufin masaukin fatake. Sharifai na tuna mana zuwan Shaihu Almagili a zamanin Rumfa. Ƙofar Kabuga ita ce ake ambata a labarin shigowar sojojin Ingila a Fabrairun 1903. Amma baƙo zai ratsa yawancin waɗannan wurare bai ga allo ko ɗaya da ya yi masa wannan bayani ba, inda aka yi kuwa sau da yawa da Turanci ne, kamar dai Bature kaɗai ake sa ran zai zo. Mai kuɗi zai ɗauki ɗan rakiya ya biya shi, mai ɗan guziri sai dai ya kalli tsibin ƙasa ya wuce. Allon bayani da Hausar boko da ajami a bakin kowace ƙofa ba zai ci kuɗin kilomita ɗaya na kwalta ba, kuma sassan Hausa da na tarihi a Jami'ar Bayero suna da masanan da za su rubuta shi.

Kada mu Kabawa mu yi dariya, domin idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Surame, birnin da Muhammadu Kanta ya kafa a ƙarni na 16, wanda yau kufansa ke cikin Jihar Sakkwato, shi ma tun 2007 yake cikin wancan jeri na jira. 'Ya'yanmu nawa ne suka taɓa ganinsa? Nawa ne suka shiga gidan tarihi na Kanta da ke Argungu, ko suka ziyarci hubbaren Shaihu Abdullahi a Gwandu, alhali duka tafiyar safiya ce daga Birnin Kebbi? Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934 kuma UNESCO ta karrama a 2016, ya yi kusan shekara goma ba a yi shi ba kafin a dawo da shi a 2020.

Shawarata ga gwamnatocinmu ba mai tsada ba ce. A daina raba filaye a kan ganuwa, a hukunta mai ɗibar ƙasarta. A kafa allunan bayani da harshen mutanen da suka gaji wuraren. A horar da matasan unguwanni su zama 'yan rakiya da farashi sananne, a kuma ware ranakun da ɗalibai za su shiga gidajen tarihi kyauta, kamar yadda Ingila ta buɗe manyan gidajen tarihinta ga kowa tun 2001. Ku kuma 'yan'uwana magidanta, ku je, ku fara da Argungu da Gwandu da Hubbaren Shehu a Sakkwato kafin ku miƙa Kano, ku tafi da yara, ku yi tambaya, ku yi ƙorafi a inda kuka ga ɓarna. Hukuma ba ta kula da wurin da ba kowa ke zuwa ba. Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amanar da magabata suka bar mana.