Fim Ƙarya Ne, Kwalta Ba Ta Wasa



A watan jiya mun sake zagayawa karɓar gudummawa saboda wani yaronmu ɗan acaba da ke kwance a asibiti, ƙashin cinyarsa ya karye gida biyu. Abokansa sun shaida mana cewa gasar ɗaga tayar gaba suke yi da dare, irin wadda suke gani a fim. Mun biya kuɗin magani, gobe ma za mu biya, amma wannan karon ba za mu yi shiru ba.

Finafinan Indiya da na Amurka da ake tura wa yaranmu a waya ƙarya suke koya musu game da jikin ɗan Adam. Jarumi zai faɗo daga bene, ya kakkaɓe riga ya ci gaba da gudu. A harbi ɗan daba, harsashi ya yi jifa da shi ta taga. Tun a 1687 Isaac Newton ya bayyana cewa duk abin da ka tura, shi ma yana tura ka da ƙarfi daidai da naka. Da harsashi zai iya ɗaga ƙato sama, da mai harbin ma bindigar ta wurgar da shi baya.

Ga lissafin da fim ke ɓoyewa. Wanda ya daki tirela a tsaye yana gudun kilomita 50 a awa, tamkar ya faɗo ne daga tsayin mita 10, wato bene mai hawa uku. In ya ninka gudun zuwa 100, ƙarfin dukan sau huɗu yake ninkuwa, kamar faɗowa daga kusan mita 40. Babur zai tsaya cak, jiki ya ci gaba da tafiya, ƙwaƙwalwa ta daki ƙoƙon kai daga ciki.

A fim ɗin Furious 7 na 2015 an nuna mota tana tsallakawa daga wani dogon bene zuwa wani a Abu Dhabi, aikin kwamfuta da dabarar kyamara. Paul Walker, ɗaya daga cikin jaruman fim ɗin, bai ga fitowarsa ba. A Nuwamba 2013 motar da yake ciki ta daki turken fitila da bishiya a Kalifoniya, ta kama da wuta, ya mutu.

Wasu za su ce ai nishaɗi ne, kowa ya san wasa ne. Babba ya sani. Yaro ɗan shekara 17 da ya baro ƙauye aka miƙa masa makullin babur, kallon kitse yake yi wa rogo. Wasu kuma su ce ajali ne. Mun yi imani da ƙaddara, amma ba mu taɓa ganin wanda ya kwana ƙofar shagonsa a buɗe don ya yi imani da ita ba.

Ba mu ce a daina kallo ba. Muna kira ga shugabannin tashoshin acaba su hana babur ga duk wanda aka kama yana wannan gasa, kuma kada kowa ya fita ba hular kwano. Masu ba da babura haya, ku san wanda kuke ba wa. Iyaye da iyayen gida, ku zaunar da yaran nan ku yi musu wannan lissafi. Neman abinci ya kawo mu kudu, kuma mun gaji da buga waya gida muna sanar da uwa abin da ba ta son ji.

Allah Ya ba ɗan uwanmu lafiya, Ya tsare mana sauran.

Sakataren Ƙungiya