Wasiƙa a Buɗe ga Masu Ɗaura Ƙudan Fatsa na Kifin Shad

Zuwa ga ma'abota zare da ƙugiya na bakin kogunan Amurka,

Mai wannan wasiƙa yana da ƙorafi guda a kan masu sana'ar: ado ya yi yawa. Mutum zai kwana yana jera gashin tsuntsu a jikin ƙugiya har ta fito kamar ƙwaro mai rai, alhali kifin da ake yi wa wannan kwalliya ba cin abinci ne ya kawo shi ba.

Shad ɗan teku ne, ƙananan halittun da ke yawo a ruwa yake tacewa ya ci. Sai sanyi ya wuce, wajen Afrilu zuwa Yuni, yake hauro kogunan Delaware da Potomac da Connecticut don ya zuba ƙwai, kuma a wannan tafiya cikinsa kusan wayam yake. Yawancin masunta na ganin haushi ne ke sa shi kai cafka. Aikin mai ɗauri, ke nan, tsokana ce.

Don haka ƙugiya mai lamba 6 ko 8 ta isa. A naɗe jikinta da zare mai ƙyalli, a yi mata kai ja ko ruwan hoda ko kore shar. Wutsiya kuwa, nan ne ake yawan tafka kuskure. Shad yakan ɗan taɓa ne daga baya. Idan gashin ya zarce lanƙwasar ƙugiya da yawa, sai ya ja gashi ya wuce, masunci ya ji zaren ya motsa, ya ɗago babu komai. A datse wutsiyar, kada ta wuce faɗin farce.

Sai nauyi. Garken shad yakan bi ƙasa-ƙasa ne, ƙudan da ke yawo a sama kallon ruwa kawai yake yi. 'Yar sarƙar nan mai ƙwallaye da ake ja a kunna fitila tana maganin wannan: a yanko ƙwallo biyu, a ɗaura su a gicciye bayan idon ƙugiya, a ɗiga manne. Suna nutsar da ƙudan, suna kuma kifar da shi bakin ƙugiya ya kalli sama, ya rage maƙalewa a duwatsu. Duk da haka za a yi asara, gara mutum ya ɗaura dozin biyu masu sauƙi da ya ɗaura uku na gani-na-faɗa.

Kada a raina ƙarfin kifin. A Holyoke, kan kogin Connecticut, aka kama shad mai kilo 5 da 'yan kai a 1986. Amma fatar bakinsa kamar takarda take, fizga ɗaya ta yage.

Mutanen Kalifoniya, waɗanda wani mai suna Seth Green ya kai wa 'ya'yan shad a jirgin ƙasa ya zuba a kogin Sacramento a 1871, nasu ruwan ya fi faɗi da gudu. Su sai su musanya sarƙar fitila da idanun dalma.

Wassalam.