Mawaƙin da ba shi da ubangida a Kurmi: waƙa ta fita, wa zai yi mata baki?

Kamfanin Spotify ya ce a shekarar 2024 mawaƙan Najeriya sun samu sama da naira biliyan 58 daga manhajarsa, ninki biyu da ɗoriya na abin da suka samu a 2023. Labari ne mai daɗin ji. Amma ka leƙa Agege ko Idi-Araba ko Sabo ta Badun, ka tambayi yaranmu da ke tara kuɗin okada da na tireda suna shiga sitidiyo, ka ji ko nawa ne ya faɗo aljihunsu daga waɗannan biliyoyin. Mafi yawansu dariya kawai za su yi maka.

An saba ɗora laifin a kan rashin jari, da rashin ubangida, da yadda manyan kamfanonin waƙa na Legas ba sa waiwayar waƙar Hausa. Duk gaskiya ne. Sai dai akwai wata matsala da ba a cika faɗa ba, kuma ita ce wadda maganinta ke hannun mawaƙin: ya iya rera waƙa, amma bai iya magana da mutanen da yake so su saurare shi ba. Zai kashe kuɗin wata biyu a sitidiyo, ya ɗora waƙa a YouTube da Audiomack, ya rubuta "sabuwa ta fito" a ƙasa, ya koma gefe yana jiran Allah ya kawo kasuwa. To, wa ya san ta fito? Wa aka ce ya ji? Don me zai ƙona datarsa a kanta?

Aikin da sanƙira ya bari

Mawaƙan da ba su taɓa barin wannan aiki ga sa'a ba. Irin su Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo ba su kaɗai suke tafiya ba: ga makaɗa, ga 'yan amshi, ga kuma sanƙira. Sanƙira ba ya rera baiti ko ɗaya, amma shi ne bakin tawaga. Shi ke sanin wa ya shigo fili, ɗan gidan wa ne, me yake alfahari da shi. Shi ke fassara wa jama'a abin da mawaƙi ya dunƙule, shi ke shelar kyautar da aka bayar don na kusa ya ji kunya ya ƙara. Kafin a buga kalangu ya riga ya sha zagaye gari ya gaisa da masu gari.

Yaron yau ya maye gurbin makaɗa da fiyano da kwamfuta, ya maye gurbin 'yan amshi da na'urar sitidiyo. Gurbin sanƙira ne har yanzu yake fayau. Mawaƙin da ke ƙarƙashin kamfani yana da ma'aikatan da ake biya su yi masa wannan aiki. Wanda ke cin gashin kansa kuwa, in bai zama sanƙiran kansa ba, babu mai yi masa.

Kuma ba sabon abu ba ne mutum ɗaya ya haɗa biyun. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a watan Yunin 2015, shi kaɗai yake tsayawa da kuntiginsa. Abin da ya ɗaga shi shi ne ya san su wa ke saurarensa. Ya yi wa ƙaren mota waƙa a lokacin da manyan mawaƙa ke bin fadar sarakuna da gidajen attajirai, sai talaka ya ji an ambace shi, ya riƙe mai waƙar hannu bibbiyu.

Mu da ke nan ma ba sai mun je da nisa ba, maƙwabtanmu sun ishe mu darasi. Duk wanda ya taɓa wucewa ta wurin bikin Yarabawa ya ga yadda mawaƙin fuji irin su Wasiu Ayinde ke kiran mutane ɗaya bayan ɗaya da sunansu da na unguwarsu da sana'arsu. A ƙasar Ibo, Oliver De Coque ya yi wa ƙungiyar Peoples Club waƙa, 'yan kasuwar suka ɗauke shi nasu. Kafin su hau dandamali sun yi tambaya, sun yi bincike, sun san wa ke zaune a wace kujera.

Wa kake yi wa waƙar?

Mawaƙin Hausa a kudu yana da masu sauraro kashi uku. Akwai 'yan ci-rani da zuciyarsu ke gida: 'yan okada, masu gadi, 'yan dako, masu shayi, 'yan gwari na Mile 12. Akwai 'ya'yan zango, haifaffun nan, waɗanda kakanninsu suka zo fataucin goro da shanu. Sabo ta Badun kaɗai ta haura shekara ɗari, tun 1916 aka kafa ta. Waɗannan Hausarsu a cakuɗe take da Yarabanci da Turancin buroka, kuma ba sa jin kunyar haka. Na uku su ne maƙwabta da ba sa jin Hausa amma kiɗa na iya jan su.

Kuskuren da yawancin yaranmu ke yi shi ne su tsallake duk ukun nan, su kwaikwayi waƙar soyayya irin ta Kano, suna fatan Kano ta karɓe su. Kano kuwa tana da nata ɗaruruwa, ga sitidiyo ga 'yan fim ga masu biki. Ka bar kasuwar da babu mai rumfa a cikinta, ka tafi inda ko wurin ajiye tire babu.

Alhali abin faɗa yana nan birjik. Ranar 1 ga Yunin 2022 gwamnatin Legas ta hana okada a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa, kuma kowa ya san su wa abin ya fi shafa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, zuwa gida Sallah ya zama sai an yi lissafi, wasu sun shekara biyu ba su ga iyayensu ba sai ta waya. Ga mai gadin da ke kwana a bakin ƙofar wani yana turo kuɗin makarantar ƙannensa. Ga yarinyar Shagamu da aka kai aure Katsina ana yi wa Hausarta dariya. Wa ya fi ɗan Kurmi sanin waɗannan? Amma ba a samun su sai an zauna a teburin mai shayi da garejin mota an yi shiru an saurara. Rabin iya magana ai sauraro ne.

A tuna yadda waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta bazu a 2020, lokacin kullen korona. Mata ne suka riƙa ɗaukar bidiyo suna taka rawa a gaban mazajensu suna sakawa a intanet, har ta kai inda tallan kuɗi ba zai kai ta ba. Masu sauraro ne suka zama 'yan amshi. Waƙar da mutum ya ga kansa a ciki, shi zai yi mata dako kyauta.

Su kuwa maƙwabta, layi biyu na buroka ko Yarabanci a ƙasan bidiyo, da ke bayyana abin da waƙar ke cewa, sun isa su buɗe ƙofa. Yaron Agege da ke jin harshe uku yana riƙe da abin da ɗan Kano ba shi da shi, amma sau da yawa sai ka ga yana ɓoye shi kamar abin kunya.

Mabiya ba naka ba ne

Wani abin da ke ruɗin matasa shi ne yawan mabiya. A watan Yulin 2024 shafin Facebook na Dauda Kahutu Rarara, mai mabiya wajen miliyan ɗaya, ya ɓace bayan jama'a sun yi ta kai ƙorafi a kansa saboda waƙar da ya yi wa Shugaba Tinubu ana tsaka da kukan tsadar rayuwa. Kafin nan, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, gwamnati ta rufe Twitter gaba ɗaya a ƙasar nan. Rarara yana da iyayen gidan da za su tallafe shi. Kai da ba ka da kowa fa?

Shafi aron gida ne, ranar da mai gida ya ga dama zai fitar da kai. Abin da ke naka shi ne mutanen da ka sani suka san ka: lambobin waya ɗari biyu na waɗanda suka taɓa kiran ka biki, ko suka sayi tikiti, ko suka turo maka saƙo ka amsa. Ɗan ƙaramin zaure a WhatsApp da ake gaisawa a ciki ya fi dubun-dubatar mabiyan da ba su san muryarka ba in ba a waƙa ba. Kuma a lura, da yawa daga mutanenmu saƙon murya ya fi musu sauƙi a kan dogon rubutun boko. Minti ɗaya ka gaishe su, ka faɗi dalilin waƙar, ka ce ga ranar da za ta fito, ya wadatar.

Kada kuma a raina masu cajin waya da tura waƙa a memori a bakin kasuwa. Su ne gidan rediyon ɗan ci-rani. YouTube ba ya fara ba ka kason kuɗin talla a dogayen bidiyo sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda. Kafin ka kai can, mai cajin da ka je ka gaishe shi da kanka ya riga ya zuba waƙarka a wayoyi hamsin, cikinsu kuwa akwai mai shirin aurar da ƙanwarsa.

Maganar kuɗi ba rashin kunya ba ce

Nan ne al'ada ke taka mana burki. Mun taso mawaƙi ba ya yanka farashi, abin da aka liƙa masa shi ne rabonsa. To liƙin ma yanzu ya shiga wani hali. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta watsa naira a wurin biki, hukuncinsa ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun. An daɗe ba a kula dokar ba, sai a watan Afrilun 2024 wata kotun tarayya a Legas ta ɗaure Bobrisky wata shida a kan haka, bayan EFCC ta gurfanar da shi. Tun daga nan masu hannu da shuni suke ɗari-ɗari da kyamara. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ma ya riga ya nuna wa mawaƙa abin da ke faruwa ranar da babu tsaba a aljihun 'yan biki.

Saboda haka dole baki ya buɗe. Ranka ya daɗe, ga abin da nake karɓa, ga kafin alƙalami, ga awannin da zan yi, kuɗin mota a kan wane ne. A faɗa cikin ladabi, a kuma tura a rubuce ko da a WhatsApp ne, don gobe kada a ce ba haka aka yi ba. A wurin biki a tanadi kwano ko ambulan, a sanar da lambar asusu. Haka tsakaninka da mai haɗa maka kiɗa: wa ya mallaki waƙar, nawa ne kason kowa in ta yi kasuwa? Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 tana kare mai fasaha, amma ba za ta tuna maka yarjejeniyar da kuka yi da fatar baki ba. Abota da yawa ta mutu a ranar da waƙa ta fashe.

Ranar da aka taɓa jama'a

Gwaji mafi girma shi ne ranar da rai ya ɓaci. A watan Yulin 2023 Davido ya saka guntun bidiyon waƙar Jaye Lo ta yaronsa Logos Olori, inda aka ga masu fararen jallabiya suna sallah sannan suka ɓarke da rawa. Musulmi suka yi ca, daga baya aka goge bidiyon. Da an nuna wa mutum biyu masu hankali kafin a sake shi, da ba a kai nan ba. Davido yana da ƙarfin da zai shanye irin wannan guguwa. Ƙaramin mawaƙin da ke haya a Sabo, kuskure ɗaya irin wannan ya isa ya rufe masa ƙofar kowane gidan biki. Ka nuna wa wani babba aikinka kafin ya fita. In kuma an riga an yi ɓarin, ka fito da bakinka ka ba da haƙuri tun abin bai kwana ba, ba tare da kwana-kwana ba.

Akwai kuma nauyin da ya keɓanta da mu. Lokacin rikicin kasuwar Shasha a Badun a Fabrairun 2021, da kisan matafiya 16 a Uromi a watan Maris na 2025, wayoyinmu sun cika da saƙonni masu zafi. A irin wannan rana muryar mawaƙi tana zuwa inda ta Sarkin Hausawa ba ta zuwa. Wanda ke zaune a Arewa zai iya sakin baiti mai wuta ya kwana lafiya a gidansa. Na nan kuwa, gobe da safe 'yan'uwansa ne za su buɗe rumfa kusa da maƙwabtan da ake zagi. Babu mai cewa a yi shiru a kan zalunci. A nemi haƙƙin waɗanda aka kashe, a kira hukuma da sunanta. Amma wanda bai iya bambanta mai laifi da ƙabilarsa ba, gara ya ajiye makirufo a ranar. Magana zarar bunu ce.

Namu kason

Mu ma masu sauraro da sauran aiki a gabanmu. Ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu da masu biki sukan kashe maƙudan kuɗi su ɗauko mawaƙi daga Kano, da jirgi da masauki, yaron unguwa kuma a ce ya zo ya taya "don albarka". Ko minti ashirin aka ba shi kafin babban baƙo ya hau, aka kuma biya shi abin da aka yi alkawari, an ba shi filin koyon tsayuwa gaban jama'a. Fadojin sarakunan Hausawa, da ke sasanta rigimar kasuwa kullum, za su iya zama shaida a yarjejeniyar mawaƙi da mai biki.

Shi kuma mawaƙin, kafin ya sake tara kuɗin sitidiyo, ya zauna ya lissafa mutum nawa ne zai iya kira yau su ɗaga, su kuma san waye. In ba su kai hamsin ba, ba sabuwar waƙa ce ta fi gaggawa ba. Ya fara zagaye da gaisuwa tukuna.