Ɗauke wuta a Lome: Lissafin da ya kamata ɗan Zongo ya yi kafin ya ɗora iyakwandishan a kan janareta

Idan mai karatu bai manta ba, a watannin farko na shekarar 2024 birnin Lome ya sha fama da ɗauke wutar lantarki, har ta kai kamfanin wuta na ƙasa, wato CEET, ya riƙa raba wutar unguwa-unguwa, yana mai danganta matsalar da ƙarancin iskar gas. Abin ya zo ne daidai lokacin bazara, lokacin da zafi da gumin bakin teku ke hana mutum runtsawa. Duk maigidan da ke da hali a Zongo, tambayar da ya riƙa yi ita ce: ko janaretan da ke gida, wanda wasu ke kira gurup, zai iya ɗaukar iyakwandishan?

Wannan tambaya ce ta sa ya dace a duba wata ƙaramar na'ura da ake tallarta a intanet da sunan sof-sitata, wato na'urar sassauta tashin inji. Ta yi kasuwa ne a Amurka, a wurin masu motocin kwana da jiragen ruwa da kuma mazauna jihohin da guguwa ke katse wa wuta, kuma duk ɗan kasuwar da ke odar kayan lantarki daga waje zai ci karo da ita. Kafin mutum ya saya ko ya sara, ya kamata ya san abin da take iyawa da kuma inda ƙarfinta ya tsaya.

Da farko dai, ɗauke wutar ba tsautsayin shekara guda ba ne. Togo ta daɗe tana dogaro da maƙwabta. Tun 1968 ita da Benin suka kafa hukumar CEB domin sayo wuta, musamman daga madatsar ruwan Akosombo ta Ghana, shi ya sa da ruwan madatsar ya ja baya a 1998 da kuma 2006 zuwa 2007 Lome ta kwana cikin duhu. An gina madatsar Nangbeto a kogin Mono a 1987, an buɗe tashar ContourGlobal mai megawat 100 a 2010, sai tashar Kekeli mai megawat 65 da tashar hasken rana ta Blitta a 2021. To amma manyan tashoshin Lome sun fi dogaro da gas ɗin da ke zuwa ta bututu daga Nijeriya. A watan Mayun 2024 hukumar kula da lantarki ta Nijeriya ta ƙayyade wutar da ake sayar wa ƙasashen waje a kan kashi 6 cikin ɗari na abin da ake samarwa, sannan a Fabrairun 2025 aka rufe bututun gas ɗin na kusan wata guda domin share shi. 'Yan'uwanmu na Nijar sun ga irin wannan a watan Agustan 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke masu wuta bayan juyin mulki. Wanda makunninsa ke ɗakin maƙwabci kuwa, dole ya tanadi fitila.

Zongo yana da nasa ƙarin dalilin. Tun da aka tashe shi daga tsakiyar gari a 1977 aka mai da shi arewacin Lome, wajen Agoe, unguwar ta ci gaba da bunƙasa a kan babbar hanyar da ta nufi Sinkase. Maigida mai saukar da fatake yana son ɗakin baƙi mai sanyi, mahauci da mai sayar da ruwan leda da zoɓo kuma jarinsu na cikin firiza. Bugu da ƙari, a unguwannin bayan gari da ake jan wuta da dogayen wayoyin nan da ake kira saƙar gizo-gizo, wutar kan iso ba ƙarfi, wanda hakan shi kansa yana wahalar da injin sanyi.

Yanzu mu zo kan na'urar. A cikin kowace iyakwandishan akwai kwamfiresa, injin da ke matsa iskar sanyi. Wahalarsa a tashi take, kamar amalanken da aka labta wa kaya: turin farko ne ke cin ƙarfi, in ya fara gangarawa sai yaro ma ya tura. Iyakwandishan mai doki ɗaya da rabi tana cin kimanin wat 1,200, wato amfiya 5 zuwa 6 a layin bolt 220. Amma a lokacin tashi, cikin ƙasa da daƙiƙa guda, tana iya fizgar ninki biyar na wannan, amfiya 25 zuwa 30. Janareta mai kVA 3 kuwa abin da yake bayarwa bai wuce amfiya 13 zuwa 14 ba. Shi ya sa za ka ji ya yi gurnani, ƙwai ya dushe, sai ya mutu, alhali da injin ya samu ya tashi da ya riƙe shi har safe.

Aikin sof-sitata shi ne ta riƙa sakar wa kwamfiresa wutar sannu a hankali har ya kama gudu. Masu ƙera ta sun ce tana rage fizgar farko da kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. In haka ne, amfiya 30 ta dawo 9 zuwa 12 ke nan, abin da janareta mai kVA 3 zai iya jurewa muddin ba a haɗa masa da dutsen guga da firiza da famfon ruwa a lokaci guda ba. Ribar a fili take: mutum ya tsira daga sayen babban janaretan da ba ya bukatarsa sai don wannan daƙiƙa guda, kuma inji da wayoyi sun huta da jijjiga.

Abin lura a nan shi ne, amfaninta ya ƙare a kan tashin nan. Da zarar inji ya kama gudu, wutar da zai ci ita ce dai wadda ya saba ci, man da janareta zai sha kuma bai ragu ko ɗigo ba. Janareta irin wannan yana shan kimanin lita guda ta fetur a awa. A 2025 litar fetur a gidajen mai na Togo tana kusan sefa 700. Kwanan awa 8 ya tashi sefa 5,600. Ko da dare goma kawai aka yi haka a wata, kuɗin ya kai sefa 56,000, ya zarce mafi ƙarancin albashi na ƙasar, wanda aka mayar sefa 52,500 a Janairun 2023. Kuma tun da Nijeriya ta cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, fetur ɗin bakin hanya da ake kira bude a Togo, ake kira kpayo a Benin, ya daina arhar da aka san shi da ita. Wutar kamfani ma an ƙara mata kuɗi da kimanin kashi 12.5 cikin ɗari a Mayun 2025, amma duk da haka ta fi ta janareta sauƙi nesa ba kusa ba.

Akwai kuma wanda bai kamata ya saye ta ba sam. Iyakwandishan ta zamani mai inbata tana tashi a hankali da kanta, tana kuma rage gudu idan ɗaki ya yi sanyi, don haka ba a sa mata sof-sitata, sa mata ma na iya lalata ta. Wanda zai sayi sabuwa, gara ya ƙara kuɗi ya ɗauki mai inbata, domin ita ce ke rage cin wuta a layin kamfani da kan janareta baki ɗaya. Na'urar ta dace ne da mai tsohuwar iyakwandishan mai lafiya wadda bai shirya rabuwa da ita ba. A kuma kula, akwai wani kafasita da ake ƙara wa inji don ya tashi da ƙarfi, wanda aikinsa daban ne, kada a sayar wa mutum shi da sunan wannan.

Wasu ƙa'idoji kuma ba sa canzawa, da na'ura ko babu. Mai gyara da ya san aikinsa ne zai haɗa ta, bayan ya duba amfiyar da aka rubuta a jikin injin. Idan wuta ta ɗauke, a ba kwamfiresa aƙalla minti uku kafin a sake kunna shi. A sa makunnin da ke raba layin janareta da na kamfani, domin wutar da ta koma kan layi tana iya kashe ma'aikacin da ke gyara a kan turke. Uwa uba, kada a ajiye janareta a ɗaki ko a zaure ko a gindin taga, domin gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, kuma ɗakin da aka toshe saboda sanyi shi ya fi riƙe ta.

Ga 'yan kasuwarmu na Aflao da Hilakonji da Sinkase da ke tunanin sarin wannan kaya, kasuwarta tana nan matuƙar wutar Togo na rataye da gas da layukan maƙwabta. Sai dai duk wanda ya sayar da ita da sunan tana rage shan mai, ciniki ɗaya zai yi, domin mai saye zai gane a ƙarshen wata. A gaya masa gaskiya: za ta tayar masa da inji, kuɗin mai kuwa yana wuyansa. Shi kuma maigida ya zauna ya auna, a daren da wuta ta ɗauke, tsakanin firizar da jarinsa ke ciki da ɗakin da zai kwana, wanne ya fi cancantar litar da ke hannunsa. Sau da yawa amsar ita ce firiza da fanka, a bar iyakwandishan sai wuta ta dawo.