Limamai da Fastoci, Ku Yi Magana Kafin a Ɗaura Igiya

Jama'a, ku ba ni aron hankalinku, mu leƙa jihar Minnesota ta Amurka a shekarar 1862. Gwamnati ta karɓe filayen ƙabilar Dakota bisa alkawarin za ta riƙa biyansu kuɗi duk shekara. Kuɗin suka makara, 'yan kasuwa suka hana su bashi, yunwa ta kai su bango. A watan Agusta suka ɗauki makami, aka kashe ɗaruruwan Turawa. Gari ya ɗauki zafi, kowa cewa yake a gama da su.

Henry Whipple shi ne bishof na farko na cocin Episcopal a jihar, kuma masu makokin nan su ne mutanensa. Da ya yi shiru, ba mai ganin laifinsa. Bai yi ba. Tun a watan Maris ya rubuta wa Shugaba Lincoln cewa jami'an gwamnati suna cin amanar 'yan Dakota. A watan Satumba ya je Washington, ya zauna gaban Lincoln, ya zayyana masa cutar da ake yi musu. A gida kuwa zagi ya sha.

Kotun soja ta yanke wa 'yan Dakota 303 hukuncin kisa, wasunsu shari'ar ba ta wuce 'yan mintoci ba. Lincoln ya sa aka bi takardun ɗaya bayan ɗaya. Ranar 26 ga Disamba aka rataye 38 a Mankato, sauran suka tsira daga igiya, ko da yake kurkuku ya cinye da yawa daga cikinsu.

Kada mu yi masa rawanin waliyyi: burinsa Dakota su bar al'adunsu su koma irin ta Turawa. Amma ranar da jama'arsa ke neman jini, ya tsaya.

To, ku masu mumbari, Juma'a ko Lahadi, da ku nake! Ranar da aka yi ihun ɓarawo a kasuwa, matasa suka fara neman taya da fetur, ko aka ce a far wa wata unguwa saboda laifin mutum ɗaya, kada ku jira ƙura ta lafa sannan ku hau huɗuba. Ku fito da rigarku ta limanci, ku shiga tsakani, ku raka wanda ake zargi har gaban hukuma. Mu kuma da ke bayanku a sahu, mu bi ku.